Kashi Ɗaya Cikin Ɗari

Kun sha tambayata, musamman ke Zainab da ba kya barin magana ta kwana, yadda aka yi mutumin da ya zo London karatun akanta ya ƙare yana tuƙa tasi har gashinsa ya yi fari. Amsar da na saba ba ku ita ce kuɗin makaranta ne suka yanke. Ba ƙarya na yi muku ba, amma rabin maganar na faɗa. Yanzu da gwiwa ta zaunar da ni a gida, ga sauran rabin, don kada bayan raina ku ji shi a bakin wani ya ƙara masa gishiri.

A tsakiyar shekarun tamanin muna zaune a Peckham, ni da mahaifiyarku Binta, a ɗakin sama na gidan wani dattijo da kowa ke kira Baba Isaka. Mutumin zangon Kumasi ne, ya fi shekara ashirin yana wanke motocin bas a wani gareji. Hausarsa irin ta zango ce, mace da namiji duk "ya" yake ce musu, har Binta takan toshe baki da mayafi kada ya ga tana dariya. Matarsa Mma Adiza ita ta zame mana uwa a ƙasar nan. Da aka haife ki, Zainab, ita ta yi wa Binta wankan jego, safe da yamma tana dafa ruwa a ƙatuwar tukunya tana hawa da shi bene a bokiti. Mitar gas ɗin gidan kwabbai take ci, kuma ban taɓa ganin ranar da Mma ta ce mu kawo namu ba. A falonsu, sama da talabijin, akwai hoton wani gini mai ɗaki shida da bai da rufi, ciyawa ta fito a tsakar ɗakunan. Gidansu ne na Kumasi. Duk baƙon da ya shigo sai an nuna masa shi, a ce saura kwano da ƙofofi kawai, da an rufa za su tattara su koma.

Shekara biyu gwamnatin jiharmu ta biya mini makaranta, daga nan kuɗi suka ɗauke, wasiƙa ma aka daina amsawa. Na nemi aiki har takalmina ya huje. Wanda na samu a ƙarshe shi ne a shagon caca, inda ake zuba kuɗi a kan tseren dawaki da na karnuka da ƙwallo. A lokacin babu kwamfuta, mutum ake ajiyewa a wani ɗan ɗaki bayan kanta, duk tikitin da aka rubuta ya bi ta hannunsa, in an gama tsere ya lissafa wanda ya ci da abin da za a ba shi. Ni ne wannan mutumin, kuma ba yabon kai ba, hannuna na da sauri. Na zaɓi shagon da sai an hau bas biyu daga gida, don kada in haɗu da idon sani. Binta kuwa na ce mata a wani ofishin lissafi nake. Na lallashi zuciyata da cewa ai ba ni nake cacar ba, alƙalami kawai nake riƙewa. Zuciyar ba ta taɓa yarda da ni sosai ba, amma ta yi shiru tunda ana biyan haya.

A wannan ɗan ɗaki na ga irin dabarar ɗan Adam. Akwai mai bin lamba ɗaya kullum, akwai mai ƙara kuɗi in ya ci, akwai mai ƙarawa in ya faɗi, akwai mai jiran doki ya sha kaye sau uku kafin ya bi shi. Kowa da tsarinsa, kowa yana ganin shi ne ya gano abin da ya ɓace wa sauran. Ni kuma kullum in an rufe shago da yamma ni ke haɗa jimla, na kuma san inda take faɗawa. An riga an yanka rabon shago a cikin farashin kafin kare ya fito daga akurkinsa, gwamnati ma ta ciri harajinta. Manajanmu, wani Bature mai yawan tari amma mai kirki, ya taɓa ce mini ba wanda yake so ya gani ya shigo kamar mai ɗan littafi a aljihu, domin mai zuwa da zafin kai rana ɗaya yake ƙonewa ya tafi, mai littafi kuwa gobe ma yana nan.

Wata Talata na ɗaga kai daga takarduna na leƙa ta ɗan gilashin da ke tsakanina da kanta, sai ga Baba Isaka tsaye ƙarƙashin lasifikar da ke faɗin tsere, da rigar aikinsa, da ɗan littafi mai jan bango a hannu. Ashe dalilin da ya sa na zaɓi shago mai nisa shi ya kawo shi shi ma. Idonmu ya haɗu. Na sunkuyar da kai, ya juya yana karanta allo. Da yamma a gida na gaishe shi yadda na saba, ya tambaye ni ya aiki, na ce alhamdu lillahi, na tambaye shi ya gareji, ya ce sai godiya. Haka muka yi wata biyu, ni na rufa masa asiri, shi ya rufa mini, muna cin tuwon Mma a kwano ɗaya ranar Lahadi. A ganina a lokacin wannan shi ne mutunci.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci a Regent's Park, ya ce in raka shi mu ɗan taka. Muka zauna a benci bakin tafki, agwagi na ta kai da kawo. Ya daɗe yana maganar sanyi da tsadar doya kafin ya zaro littafin. Tsarinsa mai sauƙi ne. Yakan bi karen da aka fi sa wa rai, ya fara da fam ɗaya, in ya faɗi ya sa biyu, in ya sake faɗuwa ya sa huɗu, haka har ya ci ya maido da komai da ɗan ƙari. Wata da watanni yana samun na goro da haka. Sai ga wata rana karnuka bakwai a jere suka ba shi kunya, albashinsa ya tafi tsakanin azahar da la'asar. Na san da maganar tun kafin ya faɗa, tikitocin ta hannuna suka bi. Ya ɗora mini littafin a cinya.

"Malam Sani, kai ka yi karatu, kuma kana ciki kana gani. Duba mini inda lissafi ya ɓaci. In ba shi gyaruwa ka gaya mini, in jefa shi cikin ruwan nan in huta."

Ku lura da kyau, 'ya'yana, domin nan ne duk abin ya karkata. Mutumin nan ya gaji, ya zo da niyyar bari, kalma ɗaya yake nema a bakina. Da na ce masa Baba, ba ya gyaruwa, da littafin ya bi agwagi mun tafi gida. Abu biyu suka riƙe mini harshe. Na farko tarbiyya: yadda aka rene mu a Kano, ba ka duban sa'an mahaifinka ka ce masa abin da ya shekara yana yi shirme ne, sai dai ka kewaya. Na biyu kuwa, wanda ya fi muni, jin daɗi. Shekara guda ina ɓoye a bayan kanta kamar ɓarawo, yau ga dattijo ya miƙo mini littafi yana cewa na yi karatu. Kaina ya kumbura. Na zaro biro na buɗe shafin ƙarshe na rubuta masa dokoki da kyakkyawan rubutuna: ya ware kuɗin da zai yi wasa da su, ya raba su kashi ɗari, kashi ɗaya kawai zai sa a kowane tsere, ko ya ci ko ya faɗi, kada ya ninka har abada, kada ya wuce tsere biyu a rana, ya rubuta komai. Na ce masa da wannan ba zai ƙara ganin rana irin waccan ba, kuma gaskiya na faɗa. Abin da ban faɗa ba shi ne tsarin zuba kuɗi ba ya ƙara wa kare gudu. Abin da ninkawa ke cinyewa a yini ɗaya, nawa tsarin zai cinye shi ne a hankali, yadda mutum ba zai ji zafin da zai sa ya gudu ba.

A raina na ɗauka fam hamsin zai ware, ya riƙa sa 'yan kwabbai yana rage kewa. Ban san ana shirin rage ma'aikata a garejinsu ba. Bayan wata guda aka sallame shi, aka ba shi kuɗin sallama fam dubu huɗu, kuɗin da Mma ta riga ta sa wa suna kuɗin kwano. Ranar Litinin da ta biyo baya tikiti ya faɗo kan teburina da rubutun da na sani, fam arba'in a kan kare ɗaya. Na lissafa a kai ba tare da na so ba: dubu huɗu, kashi ɗari. Baba ya bi dokata daidai, bai ƙara ko kwabo ba. Na buga hatimi na ajiye tikitin a layinsa.

Wata goma ina buga wannan hatimi. Ban taɓa ganin ɗalibi mai biyayya kamarsa ba. Ba ya ninkawa, ba ya fushi, tsere biyu ya rufe littafi ya sa hula ya fita. Wani mako ya ci, ya shigo gida da kaji biyu, har ya taɓa sayo miki wasu jajayen takalma, Zainab, kina ta buga su a bene. In mun haɗu a ƙofa sai ya ɗan taɓa aljihun da littafin yake ya gyaɗa mini kai, irin na mutum biyu da suka san wani abu. Ni kuwa ina riƙe da jimlar a kaina. Tana hawa kaɗan, ta sauka da ɗan yawa, ta sake hawa, ta sake sauka. Kullum ina cewa gobe zan yi masa magana, kullum ina tuna cewa ranar da na buɗe bakina nawa asirin ma ya tonu.

Mma Adiza ce ta kawo ƙarshen wannan jan ƙafa, ba tare da ta sani ba. Ta riga ta fara shirin tafiya, ta sayi manyan durom biyu na jirgin ruwa ta ajiye a lungun falo, tana cika su da tukwane da zannuwa da keken ɗinki. Wata Asabar da safe ta tare ni a kicin da wasiƙar ƙaninta, wanda ya rubuto farashin kwano da katako da kuɗin kafinta. Ta ce in haɗa mata ta ji ko za su isa har da ƙofofi. Na haɗa, na ce mata in dubu huɗun na nan, za su isa har a yi fenti. Ta yi dariya ta ce ina za su je.

"Isaka ya ce kai ne ka shirya mishi yadda za a ajiye kuɗin. Tunda na ji hannunka na ciki, ban ƙara tambaya ba."

Na fita na bar shayina a kan tebur. A ranar abin da ya rage bai fi dubu biyu da ɗari ɗaya ba.

Baba na fara samu, shi kaɗai, a hanyar tashar bas. Na ce masa tsarin nan ba ya ci, bai taɓa ci ba, ba kuma zai ci ba, na sani tun ranar da na rubuta shi. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya buɗe shafin ƙarshe ya nuna mini rubutuna. Ya ce ni na ce kada a yi gaggawa, ni na ce a daure ko an faɗi, yanzu kuma da tafiya ta yi nisa ni ne zan fara karaya? Ya ce yara masu boko haka muke, ba mu da haƙuri. Wallahi cikin taushi ya faɗa, har yana dafa kafaɗata yana ba ni baki. Na gane cewa na gina abin da kyau har ni kaina ba zan iya rushe shi da baki ba.

Daga nan na hau sama na gaya wa Binta komai, tun daga ofishin lissafin da babu shi. Tana ninke kayanki a lokacin, Zainab. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, ta ci gaba da ninki har ta gama. Tambaya ɗaya ta yi mini.

"Ragon sunan Zainab, da wane kuɗi aka saya?"

Na ce da albashin shagon cacar. Ta ture kayan gefe. Sa'an nan ta ce wannan tsakanina da Allah ne, ita ba za ta iya shiga ba, amma matar da ta hau bene da ruwan zafi kwana arba'in saboda ita ba za a bar ta tana cika durom a kan kuɗin da ke zurarewa ba. Ta ce in gaya wa Mma gobe, in kuwa na kasa, ita za ta faɗa, amma in sani daga ranar ba za ta ƙara ganina da girman da take ganina ba.

Washegari Lahadi, bayan an ci abincin rana an kwashe kwanuka, na ce ina da magana. Da kaina na fara, na faɗi inda nake aiki da tun yaushe. Sa'an nan na faɗi maganar benci da dokokin da na rubuta, na faɗi abin da ya rage. Ban kalli Baba ba sai da na kai ƙarshe. Yana zaune ƙarƙashin hoton gidan, hannuwansa a kan gwiwa. Mma ta gyara ɗaurin zanenta. Ta tashi ta shiga ɗaki, muka ji tana jan akwati, ta fito da littafin banki ta sa a cikin rigarta ta koma ta zauna. Baba ya dube ni.

"Na rufa maka naka wata goma sha uku. Ka gama?"

Na ce na gama. Ya tashi ya yi alwala. Wannan ita ce magana ta ƙarshe da ya yi mini in ban da amsa sallama.

Na san wasunku za su ce ai daidai na yi. Na yi daidai a makare, kuma na yi shi ta hanyar da ta tsiraita dattijo a gaban matarsa da Binta, 'yar hayarsa. Har yau in na tuna fuskarsa sai na ji kunya ta rufe ni. Ranar Litinin na je na ajiye aiki. Manaja ya yi ta mamaki, ya ce zai ƙara mini albashi, na gode masa na fito. Saura mini jarrabawa biyu in zama cikakken akanta, kuɗin rajista na cikin albashin da na bari. Na ce zan tara in koma baɗi. Baɗi ta zo da haihuwar ɗan'uwanku Usman, wata baɗin ta zo da nata, tasin da na karɓa na wata shida ta zama aikina. Magana kuma ta fita, kamar yadda take fita, mutanen da ke kawo mini takardun haraji in duba musu bayan Juma'a suka daina. Zama a gidan ya yi nauyi, muka samu ɗan gida a Barking muka tashi. Mma ta rako mu har bakin mota goye da ke, Zainab, ta kwance ki ta miƙa wa Binta. Baba bai fito ba.

Da bazara suka koma Kumasi. Abin da ya rage ya rufa ɗaki uku cikin shida. Na rubuta masa wasiƙa sau huɗu ina neman gafara, ba amsa. Mma kan aiko da gaisuwa a bakin matafiya, da yaji a kwalba don Binta, amma ba a taɓa cewa Baba na gaishe ni ba. Na haƙura, na ɗauka haka za mu haɗu a gaban Allah.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in 'yarsu Hawa, wadda ke aikin jinya a nan, ta buga waya ta ce Baba ya rasu. Bayan ta dawo daga ta'aziyya ta zo har Barking da wata ƙatuwar ambulan ta takarda, ta ce ya bar wasiyya a ba ni hannu da hannu. Littafin nan ne mai jan bango, an ɗinka masa ƙarin takardu da zare har ya yi kauri. Na buɗe ina tsammanin lissafin zai tsaya a ranar Lahadin nan. Bai tsaya ba. Hawa ta ce tun da ya koma bai ƙara ba ɗan caca ko kwabo ba, Mma ma ba ta bar kuɗi a hannunsa, amma duk mako sai ya aika a karɓo masa takardar wasannin ƙwallon Ingila, ya zauna a ɗaya daga cikin ɗakunan da ba rufi ya zaɓi wasa biyu, ya rubuta fam arba'in a gaban kowanne. Ranar Asabar ya kunna rediyo ya ji sakamako, ya ƙara ko ya rage. Daga dubu biyu da ɗari ɗaya ya ɗora, a takarda kawai, yana son ya ga abin da na hana shi samu.

Na bi shafukan ɗaya bayan ɗaya a kan teburin kicin ɗin nan da kuke cin abinci. Ko sau ɗaya bai karya doka ba. Jimlar ta hau, ta sauka, akwai shekarar da ta kusa komawa dubu uku, ya ja mata layi biyu a ƙasa. Daga nan ta gangara. Shekara shida ta ɗauke shi kafin ta kai inda babu arba'in ɗin da za a sa. A ƙarƙashin lambar ƙarshe ya yi rubutu da ajami, sai da na sa tabarau na kai shi bakin taga.

"Kuɗi ya ƙare. Ɗaki uku na nan. A gaya wa Malam Sani na yafe, shi ma ya yafe."

Binta na tsaye a bayana tana karantawa tare da ni. Ta ɗauki mayafinta ta ce in tashi mu kira Mma tun ba a rufe shagon katin waya ba. Littafin yana cikin akwatina na ƙarfe, ƙarƙashin takardun makarantar da ban gama ba. In kun buɗe shi, rubutun da ke shafin dokokin nawa ne.